Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamishinonin Lafiya na Arewa maso Yamma Kan Sukari, Kitsen Jini da Jijiyoyin Wuya

Masu girma Kwamishinoni,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatan da ke ƙarƙashinku, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni tsohon ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, na shafe shekara 31 ina ɗibar jinin jama'a ina aunawa kafin in ajiye aiki, kuma da abin da na gani a bakin aiki ne kaɗai, da wataƙila na ci gaba da kama bakina kamar yadda aka san ma'aikacin gwamnati da yi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya sami yayana, wanda muke ciki ɗaya da shi, domin duk lokacin da na bi labarinsa daki-daki sai in ga wurare uku ko huɗu da ya kamata a tare masifar kafin ta iso, amma ta wuce ta gaban kowa, har da ni.

Yaya mai sayar da yadi ne a kasuwa, shekarunsa 58 a lokacin, mutum ne mai jiki da fara'a wanda bai taɓa kwana a asibiti ba. Wata safiya bayan sallar asuba yana zaune yana tilawa, sai idonsa na hagu ya rufe, a faɗarsa kamar an saki labule daga sama yana saukowa a hankali har shafin ya ɓace. Ya murza idon, ya wanke fuska, kafin minti biyar ganinsa ya dawo tas. Da hantsi ya biya ta kemis, aka ba shi maganin ɗigawa a ido, aka ce ƙurar hunturu ce. Bayan kwana huɗu yana shan shayi sai kofin ya suɓuce daga hannunsa na dama, ya buɗe baki zai kira matarsa harshen ya ƙi, wannan ma bai kai rubu'in awa ba ya sake shi. A wannan karon ya je cibiyar lafiya ta unguwa, inda aka auna jininsa aka ga ya hau, aka ba shi ƙwayar hawan jini, aka ce ya rage gishiri ya samu hutu. Ba a auna sukarinsa ba saboda takardun awon sun ƙare tun watan da ya gabata, kitsen jini kuwa ko zancensa ba a yi ba, kuma babu wanda ya tambaye shi ko wani abu makamancin wannan ya taɓa samun sa, balle labarin idon ya fito. Kwana 12 bayan haka ya yanke jiki ya faɗi yana alwalar magariba. Yau shekara biyu ke nan ɓarin jikinsa na dama a shanye yake, kalmomin da suka rage a bakinsa kuma ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Da na tambayi matarsa dalilin da ya sa ba a sanar da ni tun ranar farko ba, sai ta ce Yaya ne ya hana, wai kada a tayar mini da hankali a kan abin da ya riga ya wuce.

A babban asibitin da muka kai shi, bayan hoton ƙwaƙwalwa, likita ya sa aka duba wuyansa da na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, sai dai an canza mata kai. Na tsaya a bayan mai ɗaukar hoton ina kallon allon. A gefen dama jijiyar ta fito a buɗe, jini yana wucewa da launi ɗaya, sautinsa a lasifika yana tashi yana sauka a natse. Da aka koma hagu, daidai ƙarƙashin muƙamuƙi, sai ga wani tudu fari-fari ya taso daga bangon jijiyar ya cinye mafi yawan hanyar, ya bar ɗan siririn wuri, launukan suka cakuɗe, sautin ya koma fito mai kaifi irin na ruwan da aka danne bakin tiyonsa da yatsa. Washegari sakamakon jininsa ya fito. Sukarinsa na safe kafin ya ci komai ya haura 200, ruwan jinin da aka tace kuwa, wanda ya kamata ya fito garau da ɗan launin ɗorawa, ya fito dishi-dishi kamar an ɗiga masa nono. Na san wannan kamar sarai, domin na sha ganinta a kwalaben mutanen da ban sani ba, in rubuta lambar a takarda in miƙa ta taga in kira na gaba.

Ku gafarce ni in yi ɗan bayani. Da yawanku likitoci ne da kuka fi ni sanin wannan, amma wasiƙar buɗaɗɗiya ce, kuma waɗanda za su karanta ta sun fi ku yawa. A kowane gefen wuya akwai babbar jijiya guda da ke ɗauko jini daga ƙirji zuwa kai, wadda mutum zai ji bugunta idan ya ɗora yatsa a gefen maƙogwaro. Likitoci suna kiranta karotid. Kusa da kusurwar muƙamuƙi takan rabu biyu, reshe ɗaya ya ciyar da fuska da fatar kai, ɗayan ya shige cikin ƙoƙon kai ya ciyar da mafi yawan ƙwaƙwalwa, kuma babban reshe na farko da ke fita daga wannan na ciki shi ne mai kai wa ido jini. A daidai wannan mararraba, inda jini ke juyawa kamar ruwa a kwanar rafi, nan ne kitse ya fi taruwa. Idan ƙullutun da ya taru ya tsage, ɗan ɓarɓashinsa ko gudan jini ya ɓalle ya bi hanya, to in ya shiga reshen ido sai labule ya sauko a idon wannan gefen, in kuma ya zarce ƙwaƙwalwa sai hannu ko ƙafa ko fuskar ɗaya gefen su saki, tunda ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne ke sarrafa ɓarin dama na jiki, kuma a wurin mafi yawan mutane a hagun ne cibiyar magana take. Idon hagu, hannun dama, da harshen da ya ƙi motsi sun riga sun nuna jijiyar da gefenta tun kafin a kunna wata na'ura. Ilimin nan ya kwana biyu, domin tun a 1951 da 1952 likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kanada, Miller Fisher, ya bayyana alaƙar toshewar wannan jijiya da shanyewar ɓarin jiki, tare da irin wannan makanta ta ɗan lokaci da ke zuwa kafinta.

Inda nake so a fi tsayawa shi ne yadda sukari da kitse ke haɗa kai, domin a asibitocinmu an saba ɗaukarsu kamar cututtuka biyu da babu ruwan ɗaya da ɗaya. Cikin jijiya lulluɓe yake da wata siririyar fata mai santsi wadda ke hana abin da ke yawo a jini maƙalewa. Sukarin da ya daɗe yana sama yana lalata wannan fata, haka hawan jini, haka hayaƙin taba. Idan ta lalace, nau'in kolastarol, wato kitsen jini, da ake kira LDL yakan kutsa ƙarƙashinta ya zauna, ƙwayoyin jinin da ke tsaron jiki su biyo shi su haɗiye shi, su cika su mutu a wurin, da haka tudun ke ginuwa shekara da shekaru ba tare da ciwo ko wata alama ba. Ta wani ɓangaren kuma, mutumin da jikinsa ya fara ƙin jin insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, wanda shi ne matakin da ke zuwa kafin ciwon sukari ya bayyana, hantarsa takan yi ta zuba wani nau'in kitse da ake kira tiraigilisarid a cikin jini, kolastarol mai amfani wato HDL ya ragu, ƙwayoyin LDL ɗin kuma su zama ƙanana masu sauƙin ratsa bango. Hanta tana iya ƙera kitse daga sukari da abinci mai sitaci, saboda haka mutum zai iya rantsuwa cewa ba ya cin nama mai kitse, ya kuma yi gaskiya, amma shayi mai cokali huɗu na sukari safe da dare, da lemon kwalba a kan kowace farar shinkafa, su cika masa jini da maiƙo. Kuma ba a gane wannan da kallon jiki. Na auna jinin siraran mutane da kolastarol ɗinsu ya ninka na masu tumbi, domin akwai wanda ake gada daga iyaye.

Ba sai mun jingina da binciken Turai kaɗai ba. A 2018 mujallar Lancet Global Health ta buga sakamakon wani babban bincike mai suna SIREN, wanda aka gudanar a asibitoci 15 na Najeriya da Ghana, ciki har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan da abokan aikinsa. An kwatanta mutum 2,118 da suka samu shanyewar jiki da wasu adadinsu masu shekaru irin nasu da ba su samu ba. Hawan jini ne ya zo kan gaba da tazara mai yawa, kuma babu mai ja da wannan. Amma abin da ya biyo bayansa shi ne rikicewar kitsen jini, sannan a jerin akwai yawan cin nama, da tumbi, da ciwon sukari, da ƙarancin cin ganye, da ƙara gishiri a abinci bayan an dafa. Matsakaicin shekarun marasa lafiyar kusan 59 ne, wato masu gidan da ake jira su dawo da cefane. Gaskiya ce kuma dole in faɗa, cewa a tsakanin baƙar fata toshewar jijiyoyin cikin ƙoƙon kai da lalacewar ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa sun fi taka rawa a shanyewar jiki fiye da yadda suke yi a tsakanin Turawa, don haka ba kowace shanyewa ce daga wuya take fitowa ba. Sai dai sukari da kitsen da ke cin jijiyar wuya su ne dai ke cin na cikin, jijiyar wuyan kuwa ita ce ake iya gani daga waje cikin sauƙi, ake kuma iya yi wa aiki.

Ba zan rufe ido ga abin da aka yi ba. Shirin shawo kan hawan jini da aka fara a jihohin Kano da Ogun a 2020, tare da haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya, ya nuna cewa ma'aikacin lafiya na matakin farko zai iya auna jini, ya bi tsarin magani mai sauƙi da aka rubuta masa, ya riƙe mara lafiya ba tare da jiran likita ba. Roƙona shi ne a ɗora sukari da kitse a kan wannan teburin. Duk wanda ya kai shekara 40 ya shigo cibiyar lafiya, da duk wanda aka samu jininsa ya hau ko da bai kai hakan ba, ya kamata ya fita yana riƙe da lambobi uku maimakon ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin kula da irin waɗannan cututtuka a ƙananan asibitocin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi tun 2010, ta ƙara da na cututtukan zuciya da jijiyoyin jini mai suna HEARTS a 2016, don haka babu buƙatar a kafa wani kwamiti ya ƙirƙiro shi. Lambobin ma sanannu ne. Sukarin safe bayan awa 8 ba a ci komai ba, idan ya kai 126 a ma'aunin da yawancin na'urorinmu ke nunawa kuma aka sake awo ya tabbata, ciwon sukari ne, tsakanin 110 da 125 kuma gargaɗi ne. Tiraigilisarid ana son shi ƙasa da 150, jimillar kolastarol ƙasa da 200. A 2008 wasu masu bincike a Meziko suka nuna cewa idan aka haɗa lambar sukarin safe da ta tiraigilisarid a wani lissafi mai sauƙi, ana iya ƙiyasta yadda jiki ke ƙin jin insulin ba tare da gwajin insulin mai tsada ba, kuma daga baya bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa masu babbar lamba a wannan lissafi sun fi samun kaurin bango da ƙullutu a jijiyar wuya. A ganina lissafin bai kai a yanke wa mutum hukunci da shi ba, amma ya isa ya nuna cewa ɗiba ɗaya ta safe tana ɗauke da labari mai yawa ga wanda ya karanta lambobin biyu tare.

A nan ne kuma nake da abin cewa a matsayina na wanda ya tsufa a ɗakin gwaje-gwaje, domin a nan shirye-shiryen gwamnati suka fi mutuwa. Sayen na'ura abu ne mai sauƙi kuma yana da daɗin ɗaukar hoto ranar rabawa, amma na'urar awon sukari ba ta da amfani idan babu takardunta, kuma kowane kamfani takardunsa daban, ta yadda idan an raba na'urar wannan kamfani bana aka sayo takardun wancan baɗi, an yi asarar duka biyun. Takardun nan zafi yana lalata su, kuma kun san yadda ɗakin ajiya mai rufin kwano yake a watan Afrilu a Sakkwato ko Gusau. Sinadaran awon kitse firiji suke buƙata. Jinin da aka ɗiba don awon sukari, idan ba a zuba shi a kwalbar da ke ɗauke da sinadarin da ke hana ƙwayoyin jini cin sukarin ba, lambarsa raguwa take yi awa bayan awa, saboda haka samfurin da aka ɗora wa ɗan acaɓa daga ƙauye da safe ya iso gari da azahar yana iya wanke mai ciwon sukari ya ce lafiyarsa ƙalau. Mutanen karkara kuma ba sa fitowa da safe ba su sha koko ko kunu ba, sai idan an gaya musu tun jiya, kuma an gaya musu dalili. Akwai kuma gwajin da ke nuna matsakaicin sukari na wata biyu zuwa uku, wanda 6.5 cikin ɗari a cikinsa ke nuna ciwon sukari. Gwaji ne mai kyau, sai dai yana yin kuskure a jinin masu sikila da masu ƙarancin jini, waɗanda ba kaɗan ba ne a yankinmu, don haka kada a bari wani ɗan kwangila ya sayar muku da shi a matsayin madadin awon safe a kowane hali. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya na matakin farko, kuma wani kaso na wannan kuɗi yana isa cibiyoyin kai tsaye. Ina roƙon a sa takardun awo da sinadarai a cikin abin da za a riƙa tambayar shugaban kowace cibiya duk wata, kamar yadda ake tambayarsa allurar rigakafi.

Awo ba shi da amfani idan babu magani a bayansa. Magungunan rage kolastarol da ake kira sitatin sun daɗe da fita daga hannun kamfani ɗaya, sun shiga jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2007, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. A wani gwaji da aka yi wa mutum 20,536 a Birtaniya aka buga a 2002, ɗaya daga cikinsu ya rage shanyewar jiki da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, a wani kuma na 2004 da aka yi a kan masu ciwon sukari kaɗai, ragin ya kusa rabi. Game da sukari ma, masu binciken Amurka da Kanada da suka bi masu ciwon sukari nau'i na ɗaya na tsawon shekaru sun bayyana a 2003 cewa waɗanda aka fi riƙe sukarinsu da kyau, bangon jijiyar wuyansu ya fi jinkirin kauri, har shekaru bayan an kammala gwajin. Duk da haka, mai ciwon sukari a wurinmu yakan yi shekara goma yana karɓar metfomin, ƙwayar rage sukari, ba a taɓa ambata masa sitatin ba. Ya kamata maganin ya shiga asusun magunguna na jujjuyawa na kowace jiha, a same shi a cibiyar unguwa a farashin da talaka zai iya ci gaba da saye, domin magani ne na dindindin, kuma wanda ya sha wata ɗaya ya daina kusan bai yi komai ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kwana 16 ɗin da suka shiga tsakanin labulen idon Yaya da faɗuwarsa. A 2007 likitocin Okusfod ta Birtaniya suka nuna cewa idan aka duba mai irin wannan gargaɗi aka fara masa magani nan take, maimakon ya jira layin ganin likita, haɗarin shanyewa cikin wata uku yana raguwa da kusan kashi 80 cikin ɗari, kuma magungunan da suka yi wannan aiki ƙwayoyi ne na yau da kullum, na hana jini daskarewa da na kolastarol da na hawan jini. Ga wanda jijiyarsa ta tsuke sosai kuma, babban gwajin Arewacin Amurka na 1991 ya nuna cewa a cikin masu alamomi da jijiyarsu ta toshe da kashi 70 zuwa 99 cikin ɗari, aikin tiyata na kankare ƙullutun ya sauko da haɗarin shanyewa cikin shekara biyu daga kashi 26 zuwa kashi 9, kuma amfanin aikin ya fi yawa idan an yi shi cikin mako biyu na farko. Saboda haka ina roƙon a koya wa kowane ma'aikacin cibiyar lafiya cewa makantar ido ɗaya ta ɗan lokaci, ko mutuwar hannu, ko karkacewar baki, ko sarƙewar magana, ko da sun warware kafin mutum ya iso, lamari ne na gaggawa da za a tura babban asibiti a ranar. A manyan asibitocin jiha kuma, na'urar sikanin tana nan a sashen awon ciki. Abin da ya rage shi ne kan da ake duba jijiya da shi, da mutum ɗaya ko biyu da aka horar, da umarnin cewa wanda aka turo da irin waɗannan alamomi ba ya bin layin makonni. Tiyatar kuwa ba kowace jiha ce za ta iya riƙe ƙwararrunta ba, amma jihohi bakwai za su iya zama su amince da inda za a riƙa turawa da wanda zai biya.

Kada a fahimce ni cewa ina neman a yi wa kowa hoton wuya. Kwamitin da ke ba da shawara kan rigakafi a Amurka ya sake jaddadawa a 2021 cewa bai dace a riƙa binciken toshewar wannan jijiya ga mutanen da ba su da wata alama ba, domin cutarwar da ke biyo baya ta fi amfanin yawa. Kaurin bangon jijiya mai lafiya bai kai milimita ɗaya ba, kuma auna abin da bai kai milimita ba a hannun wanda bai ƙware ba babu abin da yake haifarwa sai tsoro da kashe kuɗi. Ina faɗin wannan ne saboda na san da zarar maganar ta yaɗu, wasu masu wuraren sikanin za su mayar da ita kasuwa. Haka kuma a gargaɗi jama'a game da ɗura wa wanda ya faɗi asfirin, ƙwayar da ke hana jini daskarewa, a gida, domin a binciken SIREN kusan ɗaya cikin uku na shanyewar daga fashewar jijiya ne da zubar jini a ƙwaƙwalwa, kuma hoton ƙwaƙwalwa ne kaɗai ke rarrabe su.

Ƙofar farko da Yaya ya ƙwanƙwasa ta kemis ce, kuma haka yawancin mutanenmu suke, in ba kemis ba to wanzami ko malamin ruƙiyya, tunda da an ga baki ya karkace sai a ce iska ce ta buge shi ko jifa aka yi masa. Ba na ganin za a ci riba da zagin waɗannan mutane. An fi samun riba idan aka tara su aka koya musu alamomi huɗun nan, aka roƙe su su ce wa mai shi ya wuce asibiti yanzu, addu'a kuma ta bi shi can. A gaya wa masu tausa su guji danna gefen wuyan mai irin waɗannan alamomi, domin likitoci ma an hana su danna wurin ga wanda bai daɗe da samun gargaɗi ba. Masu yawo da lasifika a kasuwanni da masu sayen fili a rediyo suna tallar ruwan da wai ke wanke jijiya ya narkar da kitse cikin kwana bakwai kuwa, kuna da hurumin haɗa kai da hukumar NAFDAC a kansu, kuma filin rediyon da suke saye ma'aikatunku za su iya sayen irinsa.

Game da abinci ba zan tsawaita ba, domin zogale da rama da alayyafo da wake da tuwon dawa da gero suna nan a kasuwarmu, kuma sun fi abin da ya kore su daga kwanonmu araha. Harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi da Dokar Kuɗi ta 2021 ta kawo na tarayya ne, amma abin da ake rabawa a tarukan ma'aikatunku naku ne. Na taɓa halartar taron bita na kwana uku a kan ciwon sukari inda kowace rana aka raba mana lemon kwalba bibbiyu da soyayyen nama, muka sha, muka tafa wa mai jawabi.

Yanzu Yaya yana shan magungunan da ya kamata a ce ya fara su shekara goma da suka wuce, sukarinsa da kitsensa sun sauka, kuma kowace Juma'a 'ya'yansa suna tura shi a keke zuwa masallaci. Bayan abin da ya faru na tara 'ya'yan nasa maza biyu na kai su wani ɗakin gwaji mai zaman kansa da kuɗina. Babban, mai shekara 34, wanda shi ke riƙe da shagon yadin yanzu, sukarinsa na safe ya fito 118, tiraigilisarid ɗinsa kuma ya haura 150. Na ce ya riƙa zuwa cibiyar unguwarsu duk wata uku a sake aunawa, ya je a watan jiya, ya dawo ya ce mini takardun awon ba su iso ba tukuna. Lokacin shirya kasafin kuɗin baɗi ya gabato, ina fatan za a ware wa waɗannan takardu da sinadarai layi nasu na kansu, kuma idan wata jiha ta buƙaci wanda zai koya wa ma'aikatan cibiyoyinta yadda ake ɗiba da adana samfurin, ni da wasu abokan aikina da suka yi ritaya muna nan, ba ma neman ko kuɗin mota.

Wassalam.

Naku,
Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, kuma ƙanin mara lafiya.